Rahoton Alhamis Da Aka Rubuta Ran Litinin

Shagona yana gindin matakala a wani bene mai hawa uku, kuma shekara tara ke nan ina taka keken ɗinki a wurin. Mai hawa ta gabana yake bi, mai sauka ma haka. Saboda haka in na ce na ga abu a gidan nan, to na gani, ba labari aka ba ni ba.

Mai kula da gidan wani mutum ne da muke kira Ƙamus. Ba ya jin haushin sunan, shi a wurinsa lambar yabo ce. Aikinsa shara, kunna injin ruwa, sauya ƙwan fitila da riƙon makullai, amma in ka ji shi yana bayani sai ka rantse shi ya zana ginin. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba inda yake tara kalmomin Turanci, dogaye kawai, gajeru ko kallo ba su ishe shi ba. Makullai goma sha huɗu ne a ƙugunsa, kuma da gangan yake rangaji in yana tafiya, don ƙararsu ta riga shi isowa.

Abin da kowa ya sani ban da shi, matarsa ce ke riƙe da gidan. Yaya muke ce mata, babba da yaro. Ita ke leƙowa ta ce a kashe inji kafin tanki ya cika. Ita ta zo shagona ta tsinci guntayen zare ta ɗaura wa kowane makulli kalarsa, ja na ƙofar saman bene, kore na kejin inji, don kada ya wuni yana gwaji. Ita ce kuma ke bin mutane da ban haƙuri bayan ya gama yi musu Turanci. Suna zaune a ɗakuna biyu da ke bayan shagona, kuma ɗakunan na aikin ne. Ranar da makullai suka bar hannunsa, ranar za su kwashe kayansu.

Ran Litinin da hantsi direban Hajiya, mai ginin, ya kawo takarda daga lauyanta. Ƙamus ya tsaya a ƙofar shagona ya gyara murya, yana karantawa yana fassara mini ba tare da na roƙa ba. Takardar ta ce Hajiya ta gaji da ƙorafin 'yan haya. Za ta zo da kanta ran Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma, kuma tana son rubutaccen rahoto a kan yadda makon ya kasance. In komai lafiya, za ta haɗa masa da sabon benen da ta gina, har da ofis da kujera mai juyawa. Daga nan ya ci karo da wata kalma, ya yi tari, ya tsallake ta, ya dira a ƙarshen jimlar, inda aka ce za a karɓe makullai.

Na tambaye shi abin da ya tsallake. Ya ce wannan ba ajin tela ba ne.

Ana haka sai ga Malama ta sauko karɓar rigarta. Tsohuwar malamar Turanci ce da ta yi ritaya, tana zaune a hawa na ɗaya, mace mai magana a hankali kamar tana auna kowace kalma da cokali. Shi kuwa Ƙamus bai taɓa tambayar kowa komai ba, jarrabawa kawai yake yi wa mutane.

"Malama, bari in ɗan gwada ki, in ga ko ritaya ta bar miki wani abu," in ji shi, ya ɗora yatsa a kan takardar. "Mece ce wannan?"

Ta sa tabarau ta duba. An rubuta untoward, ta kuma furta masa ita sau biyu, antuwod, har bakinsa ya kama. Ta ce ana faɗinta a kan abin da ya auku ba a so ba, ba a kuma zata ba, kamar mutum ya zame a matakala. Ana kuma faɗinta a kan abin da bai dace ba, kamar a yi ashar a gaban manya. Ta ce kalmar takarda ce, ta ofis da rahoto, ba a cika jinta a hira ba, kuma galibi a kore ake kawo ta, a ce an yi taro an watse ba wani abu antuwod da ya faru. Ta ƙara da cewa ba a kiran mutum da ita, abu ake kira.

"Kin ci," in ji Ƙamus. "Haka yake a nawa littafin." Yana faɗa yana rubutawa a littafin.

Tun daga wannan lokacin kalmar ta hau kansa. Kafin a yi awa ɗaya ya kira kyanwar maƙwabta antuwod, ya kira direban Hajiya antuwod saboda ya ajiye mota a karkace. Sai ya ce wa direban ya jira, ya tsallaka titi zuwa shagon buga takardu, ya dawo da shafi guda a cikin ambulan. Rahoton ne. Kwanan watan Alhamis ne a samansa, ƙarfe huɗu na yamma, kuma a ciki mai kula da gida yana tabbatar wa Hajiya cewa daga Litinin zuwa Alhamis ba wani abu antuwod da ya faru a matakala, ko a saman bene, ko a wurin ruwa, ko a tsakanin 'yan haya. Na ƙirga, sau bakwai kalmar ta fito. Ya sa hannu a kan teburin yankana, ya miƙa wa direba, mota ta tashi.

Yaya tana tsaye da bokiti a hannu. Ta tambaye shi ko ta ji daidai, yau Litinin.

"Ƙaramin ma'aikaci ne ke jiran abu ya faru sannan ya rubuta," in ji shi. "Manaja rubutawa yake yi, sai abu ya bi rubutun."

"In wani abu ya faru fa, Malam?"

"An riga an rubuta bai faru ba."

Bai tsaya nan ba. Ya sanar da ita a gabana cewa wannan mako na aikin ilimi ne, saboda haka ta cire hannunta daga harkar gida gaba ɗaya, kada gobe a ce mace ce ta sama masa kujera mai juyawa. Ya ari almakashina ya yanke zaren makullai ɗaya bayan ɗaya, wai kamar kayan wasan yara. A madadinsu ya manna wa kowanne 'yar farar takarda da sunan ƙofar da Turanci. Yaya ta dubi zarurrukan a ƙasa, ta ce to, ta wuce da bokitinta.

Ya raba yaƙin gida biyu, kamar yadda Malama ta raba kalmar. Talata ta tsautsayi ce, Laraba ta rashin dacewa.

Ran Talata ya fara da ƙarfen riƙo na matakalar farko. Ƙarfen yana ɗan motsi tun kafin in kama shagon, kuma bai taɓa kayar da kowa ba, duk mun san lallaɓa shi ake yi. Ƙamus ya ce abin da ke motsi yana iya karyewa. Ya zo da sifana ya kwance shi gaba ɗaya don ya ɗaure shi da kyau, ya jera ƙusoshin a bakin taga, kyanwar da ya zaga jiya ta bi ta kansu, uku suka gangara magudanar ruwa. Ya wuni yana ƙoƙarin mayar da ƙarfen, ƙarfen ya ƙi. Da yamma ya jingine shi a bayan gida, ya samo igiyar shanya ya ɗaura ɗaya bakin a sama, ɗayan kuma a marikin ƙofar ɗan ɗakin mitar wuta da ke gindin matakala.

Na farkon da ya gwada igiyar shi ne Akawu na hawa na biyu, mutum mai tumbi wanda ya saba sakar wa ƙarfen nan rabin nauyinsa. Ya saki nauyin a kan igiya, igiya ta ba shi hanya, ya sauko matakai biyar na ƙarshe a zaune. Bai ji ciwo ba, amma wandonsa ya tsage daga baya har ƙasa, kuma ni aka kawo wa.

Na ce wa Ƙamus to ga na farko, a je a karɓo rahoto a gyara.

"Ka ji Malama da kunnenka," in ji shi. "Abin da ba a zata ba. Ni tun ranar da na ga tumbin mutumin nan na zaci zai zauna a matakala. Wannan ba antuwod ba ne."

Akawu, wanda ke tsaye a bayan labulena da tawul a ƙugu, ya ce in ya fito zai nuna masa wani abin da bai zata ba.

Ran Laraba aka shiga rashin dacewa. Ƙamus ya tsallaka titi ya tsaya yana nazarin ginin da hannu a goshi, yadda Hajiya za ta hango shi daga mota, sai ya ga shanyar mutane tana kaɗawa a saman bene, har da ƙananan kayan da ba a ambata. Ya ce wannan cin mutuncin gini ne. Ya hau da buhu, ya kwashe komai, busasshe da jiƙaƙƙe, na kowa da kowa, har da wani jan yadi da na jiƙa na shanya don ya fitar da rini kafin in yanka. Ya tura su wuri ɗaya, ya danne da gwiwa, ya sauko ya cusa buhun a ɗakin mita ya kulle. Ya koma ya kulle ƙofar saman benen ma, ya manna sanarwa cewa an dakatar da shanya har sai bayan ziyara.

Kafin azahar gindin matakala ya cika. Malama tana neman farar rigarta. Akawu yana neman wandonsa na biyu, tunda na farko yana hannuna. Wadda ta fi kowa zafi ita ce Nas, ma'aikaciyar jinya ta hawa na uku, mace 'yar firit mai baki kamar reza, wadda fararen kayan aikinta biyu suna cikin abin da ya ɓace.

"Baba Ƙamus, ina kayana?"

"Suna ƙarƙashin kulawar hukumar gida."

"Wace hukuma? Kai da tsintsiyarka?"

"'Yata, abin da aka shanya jiya bai dace da idon baƙo ba."

"To da me zan je aiki gobe? Da sanarwarka?"

Ya ce mata irin wannan ɗaga murya ita kanta antuwod ce. Malama ta ce a nan kam ya yi amfani da kalmar daidai, amma a ba ta rigarta. Ya yi musu alkawarin kowa zai karɓi kayansa ran Alhamis da ƙarfe biyar, a ninke. Ban san jan yadina yana ciki ba sai da na hau na tarar da ƙofa a kulle. Na sauko na gaya masa cewa yadin yana zuba, ya buɗe buhun tun kafin a yi ɓarna. Ya ce rini ba ya aiki a cikin duhu, ya karanta.

Da yammacin ranar na leƙa ɗakinsu karɓar almakashina, na tarar Yaya tana jera tukwane a cikin kwali, tana sa tsohuwar jarida a tsakaninsu. Na karɓi almakashina na fito. Amma raina ya ɓaci, domin shekara goma sha ɗaya suka yi a ɗakunan nan, kuma furannin da ke bakin tagar ita ta shuka su.

Ran Alhamis Ƙamus ya fito da kwat. Ban san yana da kwat ba, kuma daga yadda ta kama shi a hammata, wanda ya ba shi ma bai san girmansa ba. Da ƙarfe biyu ya kunna injin ruwa, don Hajiya ta tarar da tanki a cike, ya kulle kejin injin. Yaya ta leƙo ta ce minti arba'in ne, kada ya manta. Ya ce ya yi lissafin tankin a takarda, awa biyu da kwata yake ɗauka, kuma ya tuna mata cewa tana hutu. Ta dawo bayan rabin awa ta sake faɗa. Ya ce in ta ƙara, zai sa a rahoto.

Daga nan ya hau saman bene duba tankin. Nas, wadda ta ƙi zuwa aiki da kayan gida, ta ga ƙofa a buɗe ta bi bayansa a hankali, ta zagaya bayan tankin ko ya ɓoye buhun a can. Shi kuwa ya ƙwanƙwasa tanki sau biyu, ya gyaɗa kai kamar likita, ya fito ya kulle ƙofa. Wayarta tana ɗakinta a kan caji.

Saura wanke matakala. Ya sayo garin sabulu babbar leda, ya barbaɗa shi tun daga hawa na uku har ƙasa, mataki bayan mataki, da nufin ya bi da ruwa da tsintsiya. Kafin ya ɗauko bokiti sai ya tuna bai shirya tarba ba. Ya bi ƙofa ƙofa ya tattaro duk wanda ke gida, ya sauko da su a kan gefen matakala don kada su taka sabulu, ya jera mu a bakin ƙofar shiga bisa tsawo. Zai tambaya, ya gida? Mu kuma mu amsa baki ɗaya, ba antuwod, Hajiya. Mun yi sau shida. Akawu yana amsawa da wandon da na ɗinke masa, Malama tana motsa baki kawai. Injin ruwa yana ta ruri a gefenmu, shi ya sa ba wanda ya ji ana dukan ƙofa a sama.

Ni na fara ganin kumfar. Ta leƙo daga kwanar matakala a hankali, fara tas, ta sauko mataki ɗaya, ta tsaya, ta ƙara ɗaya. Na taɓa Ƙamus na nuna masa. Ya duba agogo, huɗu saura kwata, ya ce lissafi bai ba da haka ba.

Tanki ya daɗe da cika. Ruwa ya malale saman bene, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya tarar da sabulu yana jiransa a kowane mataki. Ƙamus ya ruga kejin inji da makullai, amma hannunsa ya jiƙe da gumi, kuma 'yan takardun da ya manna sun fara naɗewa. Ya gwada huɗu, ba wanda ya shiga. Ya fasa, ya ce matsalar daga sama take, ya kama igiya ya kutsa cikin kumfa da kwat ɗinsa. Muna jin sa yana hawa, yana zamewa, yana hawa. Da ya isa ƙofar sama, sauran takardun suka wanke gaba ɗaya, aka bar shi da makullai goma sha huɗu masu kama ɗaya, da Nas a ɗaya gefen tana gaya masa ra'ayinta game da shi da littafinsa.

Ƙarfe huɗu daidai mota ta tsaya. Daga baya direban ya gaya mini cewa tun daga kan kwana Hajiya ta hango mace a saman bene tana kaɗa ɗankwali da hannu biyu, ta ji daɗi, ta ɗago mata hannu ita ma.

Hajiya ta fito, dattijuwa mai sanda da tabarau, lauyanta a bayanta da ambulan. Mu kuma muna nan a jere, domin ba wanda ya sallame mu. Ta dube mu, ta dubi kumfar da ta riga ta kai ƙofar shagona, ta tambaya a hankali, ya gida?

Ban san abin da ya shiga kanmu ba. Sau shida muka yi atisaye, baki ya saba. Muka amsa gaba ɗaya, "Ba antuwod, Hajiya."

Ƙamus ya ji ƙahon mota daga sama. Ya yanke shawarar ya bar Nas tukuna, ya sauko ya tare Hajiya a waje da jawabi. Hawa na uku da na biyu ya yi su da ƙafa. A na ƙarshe ƙafa ta ƙi, ya zauna, ya taho. Ya cafki igiya da hannu biyu, igiya ta fizgi ƙofar ɗakin mita, ƙofar da dama ƙusa biyu ke riƙe da ita, ta ɓalle, buhun da aka danna a ciki ya faɗo ya fashe. Ƙamus ya ratsa ta cikin kayan ya tsaya daidai gaban sandar Hajiya, a zaune, da kumfa har wuya da siket ɗin wata a kafaɗa. Kayan kuwa duk sun koma ruwan hoda, rigar Malama, kayan aikin Nas, wandon Akawu na biyu, komai.

Ya ɗaga kai ya ce, "Barka da zuwa, Hajiya. Muna cikin wanke matakala ne."

Hajiya ta waiwaya. Ta ce wa lauya ya karanta. Lauya ya buɗe ambulan ya karanta rahoton da ƙarfi, yana fassarawa jimla jimla. Ba abin da ya faru a matakala. Akawu ya yi gyaran murya. Ba abin da ya faru a wurin ruwa. Ruwa yana bi ta kan takalmin lauyan. Ba abin da ya faru a saman bene. Daidai nan aka sake dukan ƙofar sama, dukan da ya girgiza gilashin shagona.

"Mene ne wancan?" in ji Hajiya.

"Iska ce, ranki ya daɗe."

Iskar ta kira sunansa, ta kuma ce in ta sauko sai ta yi masa allurar da ba ya buƙata.

"Wannan takarda ran Litinin ta iso hannuna," in ji Hajiya. "Na ce wa lauya, ko dai na sami mai duba, ko na sami maƙaryaci, mu je mu gani. Malam, wanne ne?"

Ƙamus ya buɗe baki, ya laluba aljihun gaba. Littafin ya jiƙe, shafukan sun manne. A karo na farko tun da na san shi bai sami kalma ba, doguwa ko gajeruwa.

Yaya ta fito daga bayan layi. Ta gaida Hajiya, sannan ta sunkuya wurin mijinta ta ce, "Malam, hutun nawa ya ƙare?" Ya gyaɗa kai. Ta kwance makullan daga ƙugunsa, ta shafa bakinsu da babban yatsa, ta zaɓi ɗaya ba tare da ta duba ba, ta buɗe keji ta kashe inji. Gidan ya yi tsit. Ta cire takalmi, ta ɗebi yashi daga bokitin kashe gobara tana watsawa a gabanta, ta hau. Bayan minti uku ta sauko riƙe da hannun Nas, tana ba ta haƙuri tun daga hawa na uku, har Nas ta iso ƙasa da rabin faɗan kawai.

Hajiya ta miƙa hannu, Yaya ta sa mata makullan. Ta ce sabon bene ba maganarsa, kuma waɗannan ma sun bar hannun Ƙamus daga yau. Na dubi Ƙamus. Ba Hajiya yake kallo ba, tagar ɗakinsu yake kallo, inda furannin suke. Duk haushin jan yadina sai ya fita daga raina, na ji tausayinsa ƙwarai, domin wawa ne amma ba mugu ba.

"Baiwar Allah," in ji Hajiya, ta juya wurin Yaya, "tun yaushe kika san makullan nan da hannu?"

Yaya ta ce ai tana ɗan taya shi ne. Malama ta ce shekara goma sha ɗaya. Akawu ya ce ya shaida. Nas ta ce in ba don matar nan ba da tuni ginin ya koma kan titi.

Hajiya ta mayar mata da makullan. Ta ce daga yau ita ce mai kula da gida, ɗakunan nata ne, kuma in tana son mataimaki ta ɗauki wanda ta ga dama, ko da mai kwat ne. Ta taka kumfa ta koma mota. Yaya ta tsaya da makullai a hannu, ta dubi mijinta, ta ce ya tashi ya cire siket ɗin mutane, akwai aiki.

Washegari da safe na tarar da shi yana share sauran yashi a matakala, ba ƙarar komai a ƙugunsa. An mayar da ƙarfen riƙo, Yaya ta kira mai walda tun da sassafe. Ta kuma zo ta tsinci sabon zare. Malama ta sauko da rigarta mai ruwan hoda, ta ce ta fara sonta a haka. Ƙamus ya jingina tsintsiya, ya matso, kuma wannan karon bai ce zai gwada ta ba.

"Malama, mutum ya kwana yana da makullai, ya tashi suna hannun matarsa. Ai wannan ma antuwod ne, ko?"

Ta cire tabarau ta goge. "Ka tuna abin da na gaya maka. Abin da ba a zata ba, ko abin da bai dace ba. Wannan kowa ya zata, kuma ya dace."

Ya ɗauki tsintsiyarsa. Yaya ba ta raba shi da alƙalami ba, domin ta ce hannunsa yana da kyau, shi zai riƙa rubuta rahoton mako. Sai dai farar takardar a wurina take, a ƙarƙashin keken ɗinki, kuma umarnin mai kula da gida ne kada in ba shi sai ran Alhamis da ƙarfe biyar. Kowace Litinin sai ya zo ya tambaya ko za a ba shi ya fara ko da kanun ne.